Rijiyar Mas'uda da Shuɗin Fenti

Duk wanda ya girma a Tafzit, can tsakiyar tsibirinmu na Jarba, ya sha ruwan randar Mas'uda. Randar tana bakin hanya, ƙarƙashin wani tsohon zaitun, jingine da katangar gidan mijinta Mihanni, da moɗa ɗaure a wuyanta. Mai jaki ya sha, ɗan makaranta ya sha, masunci mai dawowa daga teku da leɓe a tsage ya sha. Ba a sallama, ba a godiya. Ka sha, ka mayar da murfi, ka yi gaba.

Ba Mas'uda ce ta kafa randar ba, gadonta ta yi. Ita kanta daga kudancin tsibiri aka auro ta, garin magina tukwane, inda kowace rijiya zartsi ce. Da zartsi aka yaye ta, da shi ta girma, ta kuma san dariyar da mutanen tsakiya suke yi wa mutanen garinsu, wai ko shayinsu sai an yi bismilla sau biyu. Ranar da ta fara kurɓar ruwan rijiyar gidan mijinta, sai ta riƙe shi a baki ta kasa haɗiyewa, don ba ta taɓa sanin ruwa yana da daɗi haka ba.

Lallen biki bai gama fita daga hannunta ba surukarta, Lalla Tamuna, ta ja ta zuwa bakin rijiyar ta danƙa mata igiya.

"Ke 'yar magina, buɗe kunnenki. Kin ga wannan? Ita ce uwar gidan nan, ba ni ba. Ruwan daɗin da ke cikinta ɗan kaɗan ne, kwance yake a kan ruwan teku kamar mai a kan miya. Ki ɗiba a hankali, ki bar ta ta huta. In aka yi mata zari, teku zai shigo mana gida ta ƙarƙashin ƙasa. Na biyu kuma, kada randar waje ta wuni babu ruwa. Rijiyar marowaci ce take yin gishiri."

Karatu biyu ke nan, kuma duk ɗan Tafzit ya haddace su. Amma ni na san mutanenmu. Na farkon muna faɗarsa ne kawai, na biyun shi muke aiki da shi, don shi ya fi daɗi a bakin mai gulma. In rijiyar mutum ta juya, ba wanda zai tsaya tambayar wa ya yi zari a ƙarƙashin ƙasa. Sai dai a fara lissafin wa ya taɓa kora daga ƙofarsa.

Mihanni kuwa, kamar yawancin mazanmu, kanti yake tsaro a Tunis. Sau ɗaya yake zuwa a shekara, da zafi, ya yi 'yan makonni ya koma. Ba ya tafiya da dabino ko man zaitun kamar sauran maza. Jarka yake cikawa da ruwan rijiyar ubansa ya ɗora a cinya har Tunis, abokan tafiya suna yi masa tsiya. Can ya ɓoye ta bayan buhunan sukari, sai ranar Juma'a ya tsiyaya kaɗan ya dafa shayi. Yakan ce wa matarsa, "Ranar da na rufe kantin nan, ba abin da zan yi sai in zauna kusa da rijiya in yi ta sha har cikina ya yi ƙara." 'Ya'yansu maza biyu suka girma suka tafi Faransa, Lalla Tamuna ta rasu, gida ya rage daga Mas'uda sai rijiya, da rumman, da ɓaure, da 'yan bishiyoyin tuffa.

Gaskiya ɗaya ce, matar nan ba ta taɓa hana kowa ruwa ba. Matan unguwa a wurinta suke ɗiban na jiƙa wake da na shayin baƙi. Da ruwanta ake wanke gashin amarya, da shi ake yi wa jariri wankan farko, da shi ake wanke gawa. Hannunta a buɗe yake. Sai dai bakinta ya fi hannun buɗewa, kuma a nan ne matsalar take. Takan zauna a inuwar rumman tana tsince alkama, duk wadda ta zo da tulu sai ta tafi da ruwa da kuma baƙar magana guda, kyauta.

Da otal-otal suka cika bakin teku, sai wani ɗan garinmu, Sasi, ya dawo daga Libiya da kuɗi. Mutum ne mai fara'a da ƙaton ciki, ba shi da mugunta ko kaɗan, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ya haƙa burtsatse a gonarsa, ya ɗora inji, ya shuka kankana, ya kuma riƙa cika motocin tanka ana kai wa otal don baƙi su yi ninƙaya, alhali ga teku nan a gabansu ba iyaka. In ya wuce a motarsa yakan tsaya ya sha a randa, ya kira Mas'uda Halti, wato inna a bakinmu.

"Halti Mas'uda, har yanzu da guga? Bari in kawo miki ƙaramin inji mana, kin tsufa da jan igiya."

"Si Sasi, injinka ya hana kajina saka ƙwai, ya hana ni jin kiran salla. In na tsufa ai uwarka ta riga ni. Mayar min da murfin randa, ƙuda na shiga."

Ya yi dariya har cikinsa na rawa, ya tafi.

Rijiyar da ta fara juyawa ta Shadliya ce, maƙwabciyar Mas'uda ta ɓangaren teku. Shadliya mace ce marar hayaniya. Shekarun baya jikarta ta kusa faɗawa rijiya, sai ta sa aka yi mata murfin ƙarfe da kwado. Kowa ya san dalilin kwadon. Ranar da ta shigo gidan Mihanni da tulu a karon farko, kanta a ƙasa, mata sun cika wurin.

Mas'uda ta ce, "A'a, yau wa nake gani? Ɗibi, 'yar'uwa, ɗibi, mu tamu ba kwado. Amma ki zauna ki yi tunani, ruwa ba ya tsami banza. Rijiya ta bayar, kwado ya hana, ai dole ta yi fushi."

Aka kwashe da dariya. Daga ranar sunan ya bi ta, Shadliya mai kwado, har yara suna rera shi. Rummanta suka bushe ɗaya bayan ɗaya. Ta ci gaba da zuwa da tulunta don ba ta da wani wurin zuwa, tana gaishe da Mas'uda da ladabi, tana fita ba tare da ta ɗaga ido ba. Gemun maƙwabciya ya kama wuta, ba wadda ta shafa wa nata ruwa, sai ma ɗumi da aka ji.

Sai wata shekarar fari ta zo. Wata safiya Mas'uda ta ɗora waken ful da ta jiƙa, ta yi ta tura itace har rana ta take, wake yana nan kamar tsakuwa. Ta zagi mai kanti da ya sayar mata da tsohon wake, ta sayo wani a wani wurin. Shi ma ya ƙi nuna. Ta zo wanki, sabulu ya ƙi kumfa. Ta daɗe tsaye da hannu cikin baho. Sannan ta je ta jefa guga, ta jawo, ta kurɓa, ta riƙe a baki kamar yadda ta yi tana amarya.

Wani harshen zai iya cewa bai ji komai ba, don abin kaɗan ne, can ƙarshen maƙogwaro. Amma harshen da aka yaye da zartsi ba ya kuskurensa. Tsoro ya kama ta irin wanda bai taɓa kama ta ba, har sai da ta zauna a ƙasa. Kuma ba bishiyoyinta ta fara tunawa ba, ba Mihanni ba. Fuskar Shadliya ta gani, da bakunan matan nan a buɗe suna dariya.

Akwai fasƙiya a bayan gidan, irin ramin nan da muke ginawa a shafe da farar ƙasa don tara ruwan sama. Shi ne ajiyar gida na shekara. Daga ranar ta koma cika randar waje da ruwan fasƙiya. Matan da ke zuwa kuma ta ce musu igiya ta ruɓe, ba ta yarda kowa ya ja ba. "Ku ajiye tulunanku ku dawo da la'asar, ni zan cika muku." Suka ce Mas'uda ta ƙara kirki da tsufa.

Ana haka aka yi sanarwa bayan sallar Juma'a cewa ma'aikatan ruwa za su zaga tsibiri, su auna kowace rijiya, su raba ƙasa kashi-kashi, kowace rijiya a shafa mata fenti gwargwadon halinta. An yi bayanin dalili, amma kafin maganar ta iso zauren mata ta rage abu ɗaya: gwamnati za ta rubuta a jikin rijiya wace ce ta mutumin kirki, wace ce ta marowaci. Shuɗi na masu albarka, rawaya na waɗanda asirinsu ya fara tonuwa, ja kuwa sai innalillahi.

Wata ta ce, "Halti Mas'uda ke kam ki tanadi shayi, shuɗinki sai an ƙaro gwangwani."

Shadliya ta ɗauki tulunta ta ce, "Ni dai su huta, tawa ja ce ko ba a auna ba."

Mas'uda ta yi dariya tare da su.

Ana jibi za a zo ta fara aikin. Da ƙailula take yi, lokacin da zafi ke korar kowa ɗaki, ko kare ba ya yawo. Ta fara kwashe ruwan rijiyar guga-guga tana kaiwa bayan katanga ta zubar, har ya ja baya ƙwarai. Sannan ta koma fasƙiya. Ta cika tulu, ta ɗaura shi a baya da igiya yadda matanmu ke yi, ta taka zuwa bakin rijiya ta juye, ta koma. Mace mai jikoki, a tsakiyar rana, tana ɗaukar ruwa tana kai wa rijiya! Da wani ya leƙo ta katanga da ya ce ta haukace. Igiya ta saɓule mata fatar kafaɗa, ta naɗa tsumma ta ci gaba. Ta yi haka ran nan, ta yi washegari, ta ƙara da sanyin safiyar ranar da za a zo. Da ta leƙa fasƙiya ta ga ta cinye fiye da rabin ruwan shekara, a shekarar da sama ba ta da niyyar komai.

Da hantsi motar ta tsaya. Wata budurwa ce ta fito, 'yar garin Gabis, sunanta Sundus, injiniya, da malafa da jakar kwalabe, direba yana biye da ita da gwangwanayen fenti. Matan unguwa sun riga sun taru. Sasi ma ya zo, yana goge gumi, fara'arsa ta ragu yau.

Yarinyar tana da tarbiyya. Ta sumbaci Mas'uda a goshi, ta ce, "Halti, tun daga kasuwa ake ba ni labarin rijiyarki." Ta jefa guga da kanta, ta jawo, ta tsoma wani ɗan ƙarfe mai waya, ta duba na'urar da ke hannunta. Ta sake jawo wani ta sake dubawa. Sai ta saki ajiyar zuciya.

"Alhamdu lillahi. Wallahi Halti da fargaba na shigo gidan nan."

"Fargabar me, 'yata? Mu ba ma cizo sai an taɓa mu."

"Ta Halti Shadliya na fara aunawa, ta mutu, ja ce, ba abin da za mu iya yi mata. Taki ce ta gaba, ita ce kan iyaka. Na ce a raina in na tarar gishiri ya fara taɓa ta, rawaya zan sa. Rawaya kuwa ita ce wadda ake iya cetowa. Duk injin da ke kewayen nan sai a ɗaure shi, ba a kuma sake haƙa wani, har ruwan ya dawo hayyacinsa. Na Si Sasi ne farko."

Sasi ya ce, "Kin ji ko, Halti? Ashe wuyana a igiyar gugarki yake."

Sundus ta ce, "To ga shi tata garau take, har ta fi yadda na zata. Ke nan ruwan ƙasan nan da sauran ƙarfinsa, ba ni da hujjar hana kowa." Ta juyo ga Mas'uda. "Amma na'ura abin da ta gani yau kawai take faɗa. Ke ce kike tare da ita kullum. Ba ki ga wani canji ba? Wake yana nuna miki? Sabulu yana kumfa?"

Sai a lokacin Mas'uda ta gane abin da ta yi. Yarinyar nan ba tonon asiri ta zo yi ba, magani ta kawo har gida, ita kuma ta yi kwana biyu tana yi wa marar lafiya kwalliya don kada likita ya gane. Kuma ƙofa ba ta rufe ba tukuna. Kalma ɗaya ce. Ta ce wake ya ƙi nuna, shi ke nan, a dawo bayan mako a sake aunawa, a kashe injin Sasi.

Ta buɗe baki. Ta dubi matan nan, waɗanda ta yi shekaru tana ba su ruwa da baƙar magana, duk sun zuba mata ido suna murmushi. Ta dubi gwangwanin rawaya a hannun direba. Can baya, jikin katanga, Shadliya tana tsaye da tulunta.

"Wakena?" in ji Mas'uda. "Kafin ki gama alwala ya narke. Zauna in dafa miki ki gani."

Aka shafa shuɗi, faffaɗa, a jikin rijiyar. Wata ta rangaɗa guɗa. Sasi ya aika aka kawo kankana aka yanka wa kowa. Da mutane suka watse, Shadliya ta matso don karɓar tulunta. Ta dubi ƙasar da ke tsakanin fasƙiya da rijiya, inda sawu ya yi hanya a jiƙe, ta dubi rigar Mas'uda.

"Kafaɗarki tana jini," ta ce a hankali.

"Ƙaya ce."

"Allah ya sawwaƙe." Ta ɗauki tulu ta fita. Ba ta faɗa wa kowa ba. In ma ta faɗa, wa zai saurari mai kwado? Cewa za a yi hassada ce.

Kafin kaka Sasi ya samu izinin inji na biyu, wanda ya fi na farko. Wani ma ya ga wurin shuɗi ne ya sayi fili ya haƙa nasa. Mas'uda tana zaune a inuwar rumman tana jin su suna gurnani daga safe har yamma, ta san abin da suke tsotsa. Ofishin ruwa ba nisa gare shi ba, mota ɗaya ce. Kullum takan ce gobe. Sau ɗaya har ta yafa mayafi ta kai bakin titi, sai ta haɗu da wata da ta ce, "Halti mai shuɗi, ina zuwa?" Ta ce kasuwa, ta sayo albasa ta dawo.

Da Mihanni ya zo hutu a shekarar, ruwan fasƙiya ta riƙa ba shi, da shi ta cika masa jarka. Ya ce, "Ruwan bana kamar da ƙanshin farar ƙasa." Ta ce harshensa ne ya tsufa. Ya tsaya gaban fentin yana shafawa da hannu, yana murna kamar an ba shi lambar girma, har ya sa aka ɗauke shi hoto a wurin don ya rataya a kanti.

Hunturu ya zo ya wuce da ɗan yayyafi. Ganyen tuffa ya fara ƙonewa daga gefe, rumman ya zubar da fure. Ramin ƙarya ƙurarre ne, nata kuwa har ana iya leƙa shi a ga gindinsa. Ranar da guga ya daki ƙasan fasƙiya ya dawo da laka, ta tsaya tana kallon randar waje. Randar ba ta taɓa wuni babu ruwa ba tun zamanin Lalla Tamuna. Ta cika ta da ruwan rijiya. Mutumin farko da ya sha wani mai keken jaki ne, ya furzar a jikin katanga, ya ce, "Wa ya yi wannan wasan banza?" Kafin la'asar duk Tafzit ta ji.

Ba sai na faɗi abin da aka ce ba. Maganganunta ne aka dawo mata da su, ko wanke su ba a yi ba. Wata ta ce dama wannan cika tulu a ɓoye da ta ƙirƙiro, ai awo take yi wa mutane. Wata ta ce an ce tana sayar wa Sasi da dare. Matan da suka yi shekara suna shan ruwan da ta ɗauko a bayanta su ne suka fi kowa sanin rowarta. Rijiyoyin da ke bayan tata suka bi sahu ɗaya-ɗaya. Burtsatsen Sasi ma ya fara aman gishiri, kankana ta mutu, ya sayar da injunan, ya koma kawo ruwan famfo a tanka daga babban gari yana sayar mana. Har yanzu da fara'arsa.

Da shekara ta zagayo Sundus ta dawo. Ta auna, ta girgiza na'ura ta sake aunawa, sannan ta zauna a bakin rijiyar ta cire malafa.

"Ba ya yiwuwa. Ruwa ba ya lalacewa haka a shekara guda, sai in dama ya fara. Halti, ni na sa hannu aka ba su izini. Ko na'urar ce ta yi ƙarya, ko ni ce ban iya aikina ba. Na kashe muku unguwa."

Idonta ya kawo ruwa. Mas'uda tana tsaye kusa da ita, tausayin yarinyar yana cin ta, kunya tana cin ta, amma abin da ya fito daga bakinta shi ne, "Ƙaddara ce, 'yata." Can ta ƙara, "Ba sauran magani?"

"An hana injuna yanzu. Amma gishiri in ya shiga ba ya fita da wuri. Wataƙila jikokinki, in ana ruwan sama."

Direba ya shafa ja a kan shuɗin. Bai rufe duka ba, ana ganin shuɗin ta gefe-gefe.

Ba wanda ya gaya wa Mihanni. Ciwon ƙoda ya kwantar da shi a Tunis, kuma ba a kai wa marar lafiya labarin gida in ba mai daɗi ba ne. Da likitoci suka ce a kai shi gida, 'ya'yansa suka zo suka rufe kantin, suka kawo shi kwance a mota, aka shigar da shi ɗaki a kan katifa. Ya rame har Mas'uda ta kusa kasa gane shi. Da aka watse, da la'asar, ya ce, "To, na rufe kanti. Ba ni ruwa."

Ta kawo masa ruwan roba a moɗa. Ya kurɓa ya ture.

"Haba Mas'uda. Shekara nawa ina sayar da wannan? Har kamfaninsa zan faɗa miki."

Ta kawo na tanka.

"Wannan kuma ƙarfe ne. Me ya same ki? Rijiyar babana nake so. Buɗe taga in ji faɗuwar guga."

Ta buɗe tagar. Ta fita, ta ɗauko igiyar da ta daɗe ba ta taɓa ba, ta jefa guga. Ƙarar tana nan yadda take, ba abin da ya canza a cikinta. Ta ji shi daga ɗaki yana cewa, "Yauwa!" Ta zuba a moɗa. Ruwan garau, sanyi ƙalau. Ta tallafo kansa ta kai masa baki.

Bai furzar ba. Ya riƙe shi a baki, ya rufe ido, ya haɗiye da ƙyar. Da ya buɗe ido babu fushi a ciki, da ma fushin ne da ya fi mata sauƙi. Ya kamo hannunta.

"Wa kika hana ruwa, Mas'uda?"

"Ban hana kowa ba."

"Faɗa min, ba zan yi faɗa ba. Ko wane ne, a kira shi mu ba shi haƙuri, ni zan roƙe shi da bakina. Wataƙila ta dawo kafin in tafi."

"Wallahi Mihanni ban taɓa hana kowa ba."

Gaskiya ta faɗa, kuma ta ga bai yarda ba. Ya saki hannunta a hankali ya juya fuskarsa bango. Bai sake tambayarta ba, bai kuma sake neman ruwan rijiya ba. Abin da aka ba shi yake sha. Bai cika wata ba ya rasu. Da ruwan tanka aka yi masa wanka, shi ne mamaci na farko a gidan da aka wanke da ruwan wani wuri, kuma Shadliya ce ta taya ɗauko jarkokin ba tare da an roƙe ta ba.

Mas'uda tana nan da ranta. 'Ya'yanta sun yi sun yi ta bi su Faransa ta ƙi. Bakin nan ya mutu, in ka gaishe ta amsawa kawai take yi. Kullum da safe takan sayi ruwa a motar Sasi ta cika randar waje, ta ɗauraye moɗa, ta mayar da murfi. Yaran yanzu da robobinsu suke yawo, kuma iyayensu sun gaya musu randar marowaciya ce, don haka ta ɗaya gefen hanya suke bi. Washegari sai ta juye na jiya a gindin zaitun, ta zuba sabo.